Tambaya Da Amsa: Manhajata Tana Kunyata Ni A Gaban Alhaji, Ina Mafita?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na fasahar zamani. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato yadda za ka nuna wa mutum manhaja ya gane ta tun kafin ya saya ko ya fara aiki da ita, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni matashi ne daga Rijiyar Zaki, na haɗa wata manhaja ta lissafin kayan shago da rubuta bashi, wallahi tana aiki lafiya lau, amma duk sanda na shiga Kantin Kwari ko Singa zan nuna wa masu shago sai netwok ya ƙi abu ya tsaya yana ta juyawa, ko kuma Alhaji ya karɓi wayar ya danna wani wuri da ban gama ba komai ya rikice, ƙarshe dai a ce min je ka za mu neme ka. Na gwada tura bidiyo ta WhatsApp ba mai kallo har ƙarshe. Wani abokina ya ce akwai demo da ake haɗawa wanda mutum zai riƙa dannawa da kansa kamar manhajar gaske, don Allah ya ake yin sa kuma da me?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi wa aikin albarka. Abokinka ya faɗa maka gaskiya, kuma abin bai kai wuyar da kake tsammani ba, wanda ya iya haɗa manhaja sukutum wannan ai ƙaramin aiki ne a wajensa.

Demo mai dannawa ba manhajar ba ce, hotunan fuskokinta ne aka jera, aka ɗora wa kowanne wani wuri da in an taɓa zai kai ka hoto na gaba. Babu saba, wato kwamfutar intanet da manhaja ke ɗauko bayanai daga gare ta, a bayansa, babu rumbun bayanai, babu abin da zai tsaya jiran netwok in dai a kan na'urarka ka ajiye shi. Mai kallo ya taɓa maballin sayarwa sai fuskar sayarwa ta fito, ya taɓa sunan kaya sai rasit ya fito, shi a jikinsa ji yake yana aiki da manhajar, kai kuma ka riga ka shimfiɗa masa hanyar da zai bi, ba inda zai kauce ya faɗa wurin da ba ka gama ba. Ka san dai yadda ake ciniki a Kwari, duk yadda ka kai ga yabon shadda mai saye sai ya kai hannu ya murza ta tukuna yake tambayar kuɗi, to bidiyon da kake turawa yabo ne kawai ba ka bari ya taɓa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce PowerPoint, kar ka raina shi. Ka fara ɗaukar sikirinshot na kowane mataki a wayarka ka tura laftof. Ka buɗe sabon fayil ka canza girman shafin ya koma a tsaye kamar fuskar waya, ka sa hoto ɗaya a kowane shafi ya cika shi. Sai ka zana ɗan akwati daidai kan maballin da kake so a danna, ka maƙala masa linki zuwa shafin da ya dace, a sashen Insert za ka ga Link da Action, kowanne ka ɗauka zai yi. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: in ka cire wa akwatin kala gaba ɗaya don ya ɓace, to sau da yawa gefensa kaɗai ke amsa dannawa tsakiyar ta zama fanko, abin da ake yi shi ne a bar masa kalar amma a ƙara masa shara-shara har ya daina ganuwa. Bayan haka ka shiga Transitions ka cire alamar da ke sa shafi ya wuce da zarar an danna ko'ina, ko ka saita nunin a tsarin kiyos, wanda linki kaɗai ke sauya shafi a cikinsa, in ba haka ba Alhaji na taɓa ko'ina hoto zai tsallake kuma asiri ya tonu cewa silaid ne kawai. Google Slides ma yana haɗa shafi da shafi, sai dai shi ya fi son intanet.

In kana son abin ya fi haka santsi sai ka koma Figma, wanda masu zanen fuskar manhaja suka fi amfani da shi, ya fito ne a 2016. A buroza yake aiki, yana da tsarin kyauta, za ka jera hotunanka ka shiga ɓangaren Prototype ka riƙa jan kibiya daga maballi zuwa fuskar da zai buɗe, har ka zaɓi yadda fuskar za ta shigo, ta zamo daga gefe ko ta taso daga ƙasa. Wani abu da nake so a tare da shi, in mai kallo ya taɓa wurin da ba a haɗa ba sai wuraren da ake iya dannawa su ɗan haska masa, ba sai ka ce masa komai ba. Linki ɗaya za ka tura ya buɗe a wayarsa. Amma fa yana buƙatar data kafin ya buɗe, to ka ga a cikin layukan kasuwa mun dawo gidan jiya, don haka ni shawarata Figma na turawa ne, PowerPoint na shiga kasuwa.

Sai kuma manhajojin da aka ƙera musamman don wannan aikin, irin su Storylane da Navattic da Arcade da Supademo. Su ɗan ƙarin abu ake sa wa a burozar Chrome, ka kunna shi ka yi ta aikinka a manhajar, duk inda ka danna yana ɗauka, kana gamawa ya jera maka matakan da kansa ya buɗe maka wurin gyara, ka rubuta bayanin kowane mataki, ka goge wanda bai da amfani, ka lulluɓe abin da ba ka so a gani. Wasunsu ba hoto kaɗai suke ɗauka ba, shafin kansa suke kwafewa da rubutunsa, ta yadda za ka iya danna suna ko farashi ka sauya shi kamar kana gyara wasiƙa, kuma suna nuna maka a wane mataki mai kallo ya gaji ya fita. Suna da daɗin aiki gaskiya. Matsalarsu biyu a wajenmu, sun fi dacewa da manhajar da ke buɗewa a buroza, ta Android sai dai ka ɗora musu sikirinshot, sannan manyan abubuwan nasu a tsarin biya suke kuma da dala ake biya duk wata ko shekara. Wanda bai sayar da ko kwafi ɗaya ba tukuna ban ga dalilin da zai ɗora wa kansa wannan nauyin ba.

To amma ƙanena, duk wannan zancen kayan aiki ne, kuma ba a nan cinikin yake ba. Cinikin yana wajen gyara demon ya dace da mutumin da ke gabanka, wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai.

Da yawa daga yaranmu masu haɗa manhaja za ka ga fuskar da suke nunawa cike take da kaya na ɗaya, kaya na biyu, kwastoma na gwaji, farashi naira 100, komai da Turanci. Alhajin da ya shekara 30 yana dillancin atamfa me zai gani a nan da ya shafe shi? Sai ya zauna ya fara fassara wa kansa cewa wai kaya na ɗaya shi ne leshi, kuma ba shi da wannan lokacin, ga masu saye a tsaye ga waya na ta ƙara. Ka yi demo ɗaya uwa, sannan ka kwafe shi gida-gida. Na Kwari ya zama atamfa da shadda da leshi, ana lissafi da turmi da yadi da dila. Na Singa ya zama katon ɗin taliya da buhun sukari da jarkar mai da dozin ɗin sabulu. In Dawanau za ka, buhun riɗi da wake da gero. In kemis ne to abin da zai fara gani shi ne gargaɗin maganin da ya kusa lalacewa, don asararsa a nan take. Aikin ba yawa, ka buɗe asusun gwaji a manhajarka ka cika shi da irin waɗannan kayan ka sake ɗaukar hotunan, a PowerPoint maye gurbin hoton kawai za ka yi akwatunan dannawa suna nan inda suke.

Kuma ka kula da farashi sosai. Kafin ka sa lamba ka tambayi wani na cikin kasuwar nawa ake sayar da abin a satin nan, don in ka sa kuɗin buhun sukari na shekara biyu baya wallahi hira ta bar manhaja ta koma kan farashi, a yi ta dariya ana cewa ina ka samo wannan arhar, kai kuma ka tashi ba ka nuna komai ba. In kana da alƙawarin ganin wani babban ɗan kasuwa, ka sa sunan shagonsa a saman rasit ɗin da zai fito a mataki na ƙarshe. Mutum in ya ga sunansa a jikin abu kallon da yake masa daban ne.

Sannan kar ka nuna komai da komai. Na san zuciya tana so, ka sha wahala a kan kowane shafi kana so a gani, amma ka zaɓi matsala ɗaya da ke hana mai shagon barci ka bi ta daga farko zuwa ƙarshe cikin dannawa biyar ko shida. A kasuwanninmu na Kano kusan kullum bashi ne, wa ya karɓi kaya, nawa ya kawo, nawa ya rage, yaushe ya ce zai cika. Bari ya danna ya rubuta bashin, ya danna ya sa an kawo rabi ta taransfa, ya danna ya ga ragowar ta fito da kanta. Shi ke nan. In ya ce to na kayan da suka ƙare fa, sai ka ce ga shi nan, ka buɗe masa na biyu. A shafin farko ma za ka iya sa maballi biyu, ni mai shago ne, ni yaron shago ne, kowa ya bi tasa hanyar, don abin da Alhaji ke so ya gani shi ne rahoton yamma, amma wanda zai wuni yana dannawa yaronsa ne, kuma in yaron nan ya ce abin da wuya to magana ta mutu ko da Alhaji ya so.

Bayanin da za ka rubuta a kan kowane mataki ya zama da Hausa kuma gajere, danna nan ka sa kuɗin da ya kawo, ya isa. In ka miƙa wayar ka yi shiru ka zuba ido, duk inda yatsansa ya tsaya yana lalube ka rubuta a takarda, ba demon ne kaɗai ke da gyara a wurin ba, manhajar ce take gaya maka inda ta yi wuya.

Abu na ƙarshe a kan tambayarka, kuma ina roƙonka da shi: kar ka taɓa ɗaukar hoto daga asusun kwastomanka na gaske. Littafin bashi sirri ne, akwai sunayen mutane da lambobin waya da abin da ake bin su, ka ɗauka ka kai shagon maƙwabci ana dannawa ana gani, wannan cin amana ne tun kafin a zo maganar hukuma, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 da hukumar da ke kula da ita. Dusashe rubutu ma ba ya isa kullum, wani lokaci ana iya hasashen lambar. Ka ƙirƙiri sunaye da lambobi na bogi tun daga tushe, ka kuma rufe sanarwar waya kafin ka fara ɗauka kar alat ɗin banki ko saƙon gida ya faɗo saman hoton.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a BUK, ina da tunanin wata manhaja amma ban rubuta ko layi ɗaya ba, zane kawai na yi. In na haɗa irin wannan demon na nuna wa wanda zai zuba kuɗi, ba yaudara ba ce?

AMSA: Ba yaudara ba ce ɗan'uwa in dai ka faɗa da bakinka tun farko cewa wannan zane ne, manhajar ba a gina ta ba tukuna. Haka ma ya kamata a fara, gara ka gano mutane ba sa son abu tun yana zane da ka gano bayan ka ƙona wata shida. Inda ta zama algus shi ne ka bar mutum ya tafi da zaton abin yana aiki, ko ka sa maballin da ka san ba ka da hanyar gina shi don kawai ido ya cika. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito na mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama sananne ne, kuma demo wuri ne da wannan jarabawar take da sauƙin faɗawa saboda komai a cikinsa yana buɗewa nan take ba ya taɓa maƙalewa. Ka rubuta a shafin farko cewa samfuri ne, duk abin da bai kammala ba ka sa masa alamar yana tafe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da makaranta mai zaman kanta a Hotoro, mun koma sa sakamakon ɗalibai a kwamfuta, amma duk ƙarshen zango sai na sake koya wa malamai daga farko, wasu kuma tsoron taɓawa suke kar su goge wani abu. Wannan abin zai yi mana amfani?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, ai ke ce ma kika fi kowa buƙatarsa. Tsoron nan da malamanki suke ji shi ne babbar matsalar, kuma maganinsa wurin da mutum zai yi kuskure sau goma ba abin da ya lalace.

Naki ya ɗan bambanta da na mai talla, ke koyarwa kike so, kuma akwai manhajojin da aka yi don haka. Adobe Captivate tsoho ne a fagen, tun 2004 yake da sunan Captivate, amma na kuɗi ne. Akwai ActivePresenter da yake da sigar kyauta ta gwaji da amfanin kai, sai dai ki sa a karanta sharuɗɗan lasisinsa tunda makarantar kuɗi ce. Yadda suke aiki, wanda ya iya zai zauna ya shigar da sakamakon ɗalibi ɗaya na bogi yayin da manhajar take ɗaukar duk dannawa da duk abin da ya rubuta, daga wannan ɗauka ɗaya za a fitar da kala-kala, wanda malami zai zauna ya kalla kawai, da wanda zai danna da kansa ana nuna masa hanya in ya kauce a ce sake gwadawa, da kuma na jarabawa wanda ba taimako sai maki a ƙarshe. Na tsakiyar nan shi ne mai amfanin. Akwai kuma H5P, kyauta ne, yana shiga cikin Moodle da WordPress, manhajojin da ake gina shafin intanet a kansu, in makarantar tana da shafi.

Ki ce wa mai haɗa miki ya fitar da shi a tsarin HTML5 don ya buɗe a kowace buroza. In wani ya kawo miki tsofaffin darussa na Flash, wato tsarin da ake amfani da shi a da, kar ki karɓa, kamfanin Adobe ya daina tallafa masa tun ƙarshen 2020 kuma burozoji sun daina buɗe shi. A raba darasin ƙanana, yadda ake shiga daban, sa makin gwaji daban, fitar da katin sakamako daban, kowanne minti biyu zuwa uku, a sa muryar wani malami da Hausa a kai. Kuma duk ranar da masu manhajar suka sauya wurin wani maballi a sake ɗaukar wannan matakin, in ba haka ba malama za ta koyi abu ta je ta tarar da wani daban tsoron ya dawo sabo.

TAMBAYA: Ni waya kawai gare ni ba laftof, zan iya? Sannan na gwada rubuta Hausa a wani zane sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwati-akwati. Daga mai karatu a Kurna.

AMSA: Ɗaukar hotunan da tsara matakan a takarda duk a waya za ka gama su, kuma shi ne rabin aikin. Haɗawar ce ta fi son babban sikirin da linzami, manhajar Figma ta waya ma don kallon abin da aka haɗa aka yi ta ba don zanawa ba. Ka shirya komai tsaf, ka sa wa hotunan lamba 1, 2, 3 bi da bi, ka ari laftof na yamma ɗaya ko ka shiga kafe, za ka gama.

Maganar akwati kuwa laifin salon rubutun da ka zaɓa ne, wato fon, ba kowane fon ne yake da haruffanmu masu lanƙwasa ba, musamman masu ado ɗin nan. Ka koma Noto Sans na Google ko Andika ko Charis na SIL, duk kyauta ne kuma suna ɗauke da su. Kafin ka fara aiki ka rubuta ƙ ɗ ɓ ƴ manya da ƙanana a shafi ɗaya ka gani ko sun fito daidai, kuma in PowerPoint ne za ka kai wata na'urar, ka buɗe shi a can ka duba tun a gida, don in babu fon ɗin a kanta za ta musanya shi da wani da kanta.